Lemi Ghariokwu da Kwalayen Faya-fayan Fela

A zamanin garmaho faifai ba shi da wata riga ta a-zo-a-gani. Cikin takarda ruwan ƙasa ake zura shi, mai huda a tsakiya don a karanta sunan mawaƙi da na kamfani. Wani matashi mai suna Alex Steinweiss, ma'aikacin kamfanin Columbia a Amurka, shi ya shawo kan iyayen gidansa suka bari ya yi zane a kan kwalin faifai, aka fitar da na farko a 1940. A 1948 kamfanin ya ƙirƙiro dogon faifai mai faɗin inci 12, mai zane ya samu fili kamar na allon karatu. A nan Najeriya an daɗe ana cike filin da hoton mawaƙi kawai: ya ci ado, ya riƙe abin kiɗansa, ya dubi kyamara. Faya-fayan mawaƙanmu na Hausa da suka taɓa shiga hannuna haka suke, kuma ban raina su ba, don hoton Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya isa bayani. Amma duk lokacin da masu tara faya-fayai suka shiga gardamar kwalin da ya fi kowanne, ni hankalina Legas yake tafiya, wajen Lemi Ghariokwu.

An haifi Lemi a 1955, a Legas ya tashi, kuma bai yi makarantar koyon zane ba. Yana ɗan shekara 18, a 1974, wani ɗan jarida Babatunde Harrison ya ga hoton Bruce Lee da yaron ya zana, ya sa shi ya zana mawaƙi Fela Kuti, sannan ya kai shi gidan Fela. Kamar yadda Lemi ke ba da labarin, Fela ya ba shi naira 120, ninki huɗu na abin da yakan karɓa, shi kuwa ya ce kyauta ya yi. Sai Fela ya rubuta masa takardar shiga gidan rawarsa ba tare da biyan ko kwabo ba. Daga nan zumunci ya ƙullu, har ya kai ga kwalaye 26.

Na farkonsu Alagbon Close, na 1974. Sunan wani layi ne a Ikoyi inda ofishin 'yan sandan ciki yake, wurin da aka tsare Fela a shekarar kan zargin wiwi. Yaron bai zana Fela a tsugune a bayan kanta ba. Ya zana shi a tsaye yana rawa, sarƙa ta tsinke, gidansa na Kalakuta daram a gefe ɗaya, gidan tsarewar yana cin wuta a ɗaya gefen, ga kuma wani ƙaton kifi ya kifar da kwalekwalen 'yan sanda. A tuna, lokacin Janar Gowon ke mulki, soja ne ko'ina. Wanda ya ɗauki wannan kwali a kanti ya san inda aka dosa tun allura ba ta hau faifai ba.

Dalilin da ya sa nake fifita aikinsa ke nan. Waƙar Fela guda ɗaya takan cinye fuskar faifai gaba ɗaya, minti goma sha wani abu, kuma gidajen rediyon gwamnati suna gudun da yawa daga cikinsu. Saboda haka kwalin ne ke yawo a gari, a jikin tagar kanti, a hammatar ɗalibi, a bangon ɗakin gwauro. Lemi yakan zauna wajen gwajin waƙa, ya ji ta tun tana ɗanya, ya koma gida ya faɗi tasa da buroshi. Yakan cika kwalin maƙil da mutane, da ƙananan rubuce-rubuce irin na jikin motocin haya, ya kuma rubuta baitocin a baya. Aikin jarida yake yi, sai dai tasa ba a naɗe ƙosai da ita washegari.

Na fara ganin kwalin Ikoyi Blindness, na 1976, a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. Faifan ya daɗe da fashewa, amma ya liƙe kwalin a saman teburinsa, tsakanin kalanda da tarin wayoyi, gefunansa sun yi laushi saboda danshi da ƙura. Wani ƙosasshen mutum ne cikin kwat, an ɗaure masa idanu da ƙyalle, yana ta sauri ya ba unguwar talakawa baya. Na tsaya kallo har dattijon ya ɗago kai daga aikinsa ya ce, "Samari, ka gane shi?" Na ce, "Baba, wane ne?" Ya ce, "Je ka unguwar manya ta kowane gari, za ka same shi." Bai iya Turancin Legas sosai ba, ni ma a lokacin ban taɓa jin waƙar ba, amma hoton ya gama yi mana fassara. Har yau shi ne zaɓina.

Ba duk abin da ya fito daga Kalakuta nake yabo ba. Rayuwar Fela akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma kwalin Yellow Fever, shi ma na 1976, ba wanda za ka ajiye a falo gaban yara ne ba, saboda tsiraicin da ke ciki. Duk da haka abin da ya tona gaskiya ne: mace fuska ta yi fari fat, sauran jiki dabbare-dabbare, sakamakon man bilicin. Shekara kusan hamsin ke nan, man yana nan a kasuwanninmu, sunansa kawai ke sauyawa.

Faifan Zombie ne ya jawo bala'i. A wannan karon Lemi bai yi zane da buroshi ba, hotuna ya yanka ya harhaɗa: Fela riƙe da makirufo, sojoji da hulunan kwano sun tsaya ƙiƙam a gabansa. Ranar 18 ga Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan da kammala bikin FESTAC, sojoji kimanin dubu suka afka wa Kalakuta, suka ƙone gidan, suka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga. Ta rasu a Afrilun 1978. Cikin wannan yanayi ne aka samu saɓani tsakanin mutanen biyu, Fela ya ƙi zanen da Lemi ya yi wa Sorrow Tears and Blood, shi kuma ransa ya ɓaci ya kama gabansa. Ya yi shekaru yana aiki da kamfanin Polygram a Legas, kuma jimillar kwalayen da ya yi wa mawaƙa daban-daban ta haura 2,000.

Lemi da Fela sun sake haɗuwa, kuma a 1989 aka ga kwalin Beasts of No Nation: Margaret Thatcher ta Birtaniya, Ronald Reagan na Amurka da P. W. Botha na Afirka ta Kudu, da ƙahoni da fiƙoƙi, jini na ɗiga daga bakunansu, saboda goyon bayan mulkin wariyar launin fata. Sai dai a lokacin kaset ya riga ya ci kasuwa. Filin inci 12 ya koma 'yar takardar da ba ta kai tafin hannu ba, masu kwafar kaset a kasuwa kuma sau da yawa ko ita ba sa sakawa, da biro suke rubuta suna. Zanen da aka yi don a zauna a bi shi lungu-lungu ba ya rayuwa a irin wannan wuri, balle a fuskar waya inda ya koma kamar kan sarki.

Fela ya rasu ranar 2 ga Agustan 1997. Bayan haka kamfanoni a Turai da Amurka suka sake buga faya-fayansa da kwalayensu a girmansu na asali, har da zanen Sorrow Tears and Blood da ya ƙi karɓa, wanda ya fito bayan fiye da shekara talatin a ajiye. Bugun farko na Legas kuwa, 'yan kasuwar tsofaffin faya-fayai sun bi shaguna da ɗakunan ajiya sun kwashe da yawa zuwa ƙasashen waje, kuma abin da suke fara dubawa kafin a yi ciniki shi ne ko kwalin ya sha ruwa, ko gara ta taɓa shi.