Gidan Ɗan Hausa da Sharaɗin Ɗorewar Ginin Ƙasa

Gidan Ɗan Hausa, wanda ke Nassarawa a wajen badalar Kano, ya ɗauki sunansa daga laƙabin da aka yi wa Hanns Vischer, Bature haifaffen birnin Basel, wanda ya zauna a cikinsa ya kuma buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, lokacin da Nassarawa take karkara mai gandayen sarki. An gina shi da tubali, wato curin ƙasa da ake busarwa a rana, aka rufe sorayensa da azara, itacen giginya da ake tsagawa a yi amfani da shi saboda ƙarfinsa da jurewarsa ga gara, sannan aka yaɓe shi da makuba, wadda ake haɗawa daga ɓawon ɗorawa domin ta kore ruwa.

Irin wannan gini yana buƙatar hannu kowace shekara, domin idan indararo ya toshe a damina ruwa zai kwanta a kan soro, ya ratsa azara, ya jiƙa bango tun daga sama, kuma gidan da ba mai kwana ko aiki a cikinsa ba ya samun wanda zai lura da tsagewar farko. Abin da ya tsirar da Gidan Ɗan Hausa shi ne an ba shi sabon aiki: ya zama gidan tarihi a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Haka aka yi da ginin Kwalejin Katsina, wanda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, bayan makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938.

Abin damuwa ya fi yawa a garuruwan karkara, irin na ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, inda tsofaffin zauruka da soraye ba su da hukumar da za ta ɗauki nauyinsu, magada kuwa sukan ga bulo da kwano sun fi sauƙi. Shafe bangon ƙasa da siminti, wanda ake ɗauka gyara ne, yakan kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe. Zauren da aka mayar ɗakin karatu, ko ajin Islamiyya, ko wurin koyon saƙa da jima, yana da masu shiga kullum da za su tara kuɗin yaɓe kafin saukar ruwa, kuma hakan ne zai sa magina su ci gaba da koya wa 'ya'yansu ɗaurin guga, wato bakan azara da ke riƙe rufin soro.