Tarihin Fijo a Hanyar Rano da Kibiya

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Da mota ta zo yankin, an samu wadda ta haɗa hidima da tsere.

Wannan mota ita ce Fijo, wato Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya lashe na Maroko, bayan injiniyoyi sun ƙarfafa sifirin da shokozoba, sun sa faranti na ƙarfe ƙarƙashin injin domin kare shi daga duwatsu, sun kuma kafa bututun ƙarfe cikin jikinta don tsaron rai.

Hikimar da ta ci waɗannan tsere ita ce direbobin hanyar Bunkure zuwa Rano da Kibiya suka amfana da ita, domin a da, idan damina ta lalata hanya, makanikai kan sayo kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano, su ƙara wa ƙafafun baya ƙarfi, har motar ta ɗauki fasinja da buhunan hatsi ranar kasuwa ba tare da gajiyawa ba.