YADDA ƘASASHE DA YAWA SUKA ZAMA NIJAR GUDA

 

Darasinmu na yau na tarihi ne. Daga Gazawa zuwa birnin Katsina, in an bi a miƙe, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Daga Gazawa zuwa Yamai kuwa ta fi kilomita 700. Da yawa cikinku suna da kawu ko gwaggo a Katsina ko Daura. Bakinku ɗaya da su, tuwonku ɗaya. Amma takardar ɗan ƙasa da ke aljihunku ta ce ku da mutumin Bilma da mutumin Tera ne ƴan ƙasa guda, mutumin Katsina kuwa ɗan wata ƙasa ne. Ƙaƙa aka yi haka? Wa ya raba, wa ya haɗa?

A zamanin kakannin kakanninmu babu wata ƙasa mai suna Nijar. Ƙasashe ne barkatai, kowace da sarkinta da tamburanta. Bayan jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, wanda ya tashi a 1804, birnin Katsina ya faɗi a 1807. Sarakunan Katsina na da suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. Tasawa ma sarautar Katsinawa ce, haka yankinmu na Agye da Gazawa. Gobirawa kuma suka rasa Alƙalawa a 1808, suka zo suka kafa Tsibiri a 1836, cikin ƙasar da yau ake kira gundumar Gidan Rumji. A gabas akwai Damagaram mai ganuwa da igwa. A arewa akwai Abzin da Sarkin Agadas. A yamma akwai Adar, da Ƙwanni, da Arewa, da Doso ta Zabarmawa. Can wajen tafkin Cadi akwai Mangawa masu kallon Barno.

Waɗannan mutane sun san juna. Ayarin gishiri yana saukowa daga Bilma, hatsi yana hawa arewa, fatake suna kai da kawowa. Suna ciniki, suna auratayya, wani lokaci kuma suna kai wa juna hari. Amma ba wanda ya taɓa cewa su duka ƙasa ɗaya ce.

Rabon ya faro ne a kan takarda, can Turai. A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa taka ƙasar ba. A 1898 suka sake zama, suka zana da'ira mai nisan kilomita 160 kewaye da Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ku lura da kyau: bisa wannan layi na biyu, Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi suna wajen Ingila, Tasawa kuma tana wajen Faransa. Da an tsaya nan, da yau mutumin Gidan Rumji da mutumin Gazawa ba ƙasarsu ɗaya ba.

Bayan takarda sai bindiga ta biyo. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka taso daga yamma da rundunarsu. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka ƙone Birnin Ƙwanni, suka karkashe jama'a ba adadi. Suka biyo gabas suna ƙone garuruwa har suka iso ƙasar Tasawa. Labarin ɓarnarsu ya kai Faransa, aka aiko Kanar Kulob ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, Vule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu wajen Maijirgi. Kaburburansu suna can, kusa da hanyar Damagaram. Sauran rundunar ta ci gaba, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan. A 1900 Faransa ta kafa abin da ta kira yankin soja, wanda shi ne tushen Nijar ta yau.

Nan fa Faransawa suka ga an cuce su a rabo. Tsakanin kogi da Damagaram, abin da ya faɗo hannunsu daji ne maras ruwa. Ayarinsu ba ya iya wucewa sai ya ratsa ƙasar Ingila neman rijiya. Suka koma teburin ciniki a 1904. Ga abin mamaki, ku saurara. Faransa tana da wani tsohon haƙƙi a bakin wani tsibiri mai suna Niufanlan, can kusa da Kanada, inda masuntanta suke shanya kifi. Ta bar wa Ingila wannan haƙƙi. Cikin abin da Ingila ta biya da shi har da tura iyaka kudu, don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi. Aka ƙarasa maganar a 1906. Ta haka Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi suka shigo wannan gefe. Ba a tambayi Sarkin Gobir ba, ba a tambayi Sarkin Katsina ba, balle talaka. Daga 1906 zuwa 1908 ma'auna na ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka fiye da ɗari. Wani ya kwana gonarsa tana ƙasa ɗaya, ya tashi gidansa yana wata.

Ko bayan haka ba a bar ƙasar ta huta ba. Sai yanka ake ana ƙari, kamar tela da rigar da ba a auna ba. A 1911 aka cire Gawo. A 1922 aka ce yankin soja ya zama ƙasar mallaka mai suna Nijar. A 1927 aka ƙaro Sayi. A 1932 aka ƙaro Dori da Fada Ngurma, a 1947 aka mai da su Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso. Babban birni ma ya yi ƙaura. A 1926 aka ɗauke shi daga Damagaram aka kai shi Yamai. Damagaram tana fama da ƙarancin ruwa, kuma Faransawa ba su so kusancinta da Kano ba. Wannan ƙaura ta bar tabo. Ofisoshi da manyan makarantu suka taru yamma, mutanen gabas suka daɗe suna ganin an bar su baya.

To, mene ne ya fara sa waɗannan jama'u su ji su ɗaya ne? A ganina wahala ce. Lanho ɗaya aka ɗora wa Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu. Aikin tilas ɗaya suka yi, na gina hanya da bariki da ɗaukar kaya a ka. Kumandan ɗaya suke tsoro, gardi ɗaya yake korar su. A nan yankinmu, in abin ya yi tsanani, mutane sukan tashi da dare su ƙetare iyaka zuwa wajen dangi. Gyaɗarmu ma shekara da shekaru ta Kano take bi, ta hau jirgin ƙasa. Ciki yana kudu, haraji yana yamma.

A 1946 aka hana aikin tilas. A wannan shekara aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda aka fi sani da RDA. Daga baya Jibo Bakari ya ja tasa, wadda ta zama Sawaba, ta kuma yi ƙarfi ƙwarai a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Siyasa ita ce ta fara zaunar da mutumin Tera da mutumin Tasawa a ɗaki ɗaya suna gardama a kan makomar ƙasa ɗaya. Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar i ko a'a. Sawaba ta ce a'a, a ba mu ƴanci yanzu. Jori Hamani da yawancin sarakuna suka ce i, a zauna da Faransa tukuna. I ta ci da wajen kashi 78 cikin 100, amma da yawa ba su fita ba, kuma gwamnan Faransa bai ɓoye inda ya karkata ba. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Ran 3 ga Agusta 1960 aka sami mulkin kai, Jori Hamani ya zama shugaban ƙasa. Kada mu rufe wani abu: an haramta Sawaba a 1959, a 1964 ƴaƴanta suka shigo da makamai, aka murƙushe su. An kashe wasu, an ɗaure wasu da yawa, akwai gidajen da har yau ba su manta ba.

Nijar ɗaya ce daga ƙasashe 8 da Faransa take juyawa daga Dakar. Wasu shugabanni sun so a fita tare a zama babbar ƙasa guda. Senegal da Sudan ta Faransa suka gwada, suka kira abin Tarayyar Mali, ta watse a watan Agusta 1960. Maƙwabtanmu na kudu kuwa tun 1914 Ingila ta haɗa arewarsu da kudunsu ta kira Nijeriya. A 1964, a Alƙahira, shugabannin Afirka suka yarda kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Layin nan na masu neman rijiya ya zauna ke nan.

Saura aikin mai da shinge ya zama gida. An zaɓi tuta a watan Nuwamba 1959. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958, ya riƙa magana da harsunanmu. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen ƙauye suke taruwa su ji shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. Yaƙi da jahilci, wanda kuke cikinsa yanzu, ya soma a 1963. Babbar hanyar kwalta ta ɗinke ƙasar daga Yamai har bakin tafkin Cadi, ta bi ta Gidan Rumji, ta bi ta Agye, ta bi ta Gazawa.

Amma in kun tambaye ni, ba abin da ya kai kokowa. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya kā da kowa. Tun daga nan take zagayawa jaha jaha. Ku tuna yadda gari yake yin tsit in an shiga fili, kowa ya manna kunne ga rediyo. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Gazawa ba ta san sunan ƴan kokowar Doso da na Difa da na Agadas, ta san kirarinsu. Kowa jaharsa yake so ta ɗauki takobi, gaskiya ne. Sai dai mai gardama a kan takobi ɗaya ya riga ya yarda fili ɗaya ne. Akwai kuma abin da ya girmi Turawa, wato wasan taubasai: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare. Zagin da zai jawo sanda a wani wuri, a nan dariya yake jawowa.

Ɗinkin ya sha yagewa. A farkon shekarun 1990 tawaye ya tashi a arewa, don mutanen can suna ganin ana haƙar uraniyom a ƙasarsu, su kuwa ba su gani a ƙwaryarsu ba. Aka zub da jini kafin a sa hannu a kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. A 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Mu da muka sha Hausa a nono, wannan kaya ne aka aza mana. Wanda ya zo kasuwarmu yana kame-kamen Hausa, ya koyi namu ne, mu ba mu koyi nasa ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya sami dattijo a garinsu, ya tambaye shi daga ina kakanninsu suka taso, wane sarki suka bi, kuma ko akwai danginsu a ƙetaren iyaka. Ku rubuta amsar da hannunku, ko layi biyar ne, ku kai wa malaminku ranar karatu.