Kifin Gulbin Sakkwato: Daga Fadama Zuwa Kwami

Kwanakin baya na kai wa wani malaminmu ziyara a gida, sai na tarar da akwatin gilashi cike da ruwa a falonsa, da waɗansu ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawo a ciki. Ya ce mini sunansu gurami, asalinsu kuwa fadamun shinkafa ne na ƙasashen Asiya, irin su Tailan da Indunusiya. Ya ce kiwonsu ba wuya, hayayyafarsu ce sai an yi dabara. Sai an rage zurfin ruwan, a bar shi da ɗumi, a sa ganyaye su yi yawo a samansa. Sa'an nan ne namijin zai hura kumfa ya yi sheƙa, ya tattara ƙwan a ciki, ya tsare shi har ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Wato dai tilas mai kiwon ya ƙirƙiro wa kifin ƙaramar fadama a ɗaki, in ba haka ba ba zai haihu ba.

Wannan bayani ya tuna mini da gida. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa mai karatu cewa mu ma a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura mun taɓa samun irin wannan wurin haihuwar kifi, faɗinsa mil da mil, ba wanda ya gina shi, kuma an san shekarar da aka fara rasa shi.

Gulbin Sakkwato ya faro ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Maradun, ya bi ta ƙasar Mafara da Bakura, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu ya faɗa Kwara. A zamanin dā, idan damina ta nutsa, gulbin yakan cika ya tumbatsa ya malale fadamu. Kifi kan bi sabon ruwan ya shiga cikin ciyawa da shinkafa ya zuba ƙwai. Tarwaɗa takan watsa nata a bakin ruwa marar zurfi, bargi ya share fili cikin ciyawa ya yi sheƙa, yauni kuma ya haɗa tasa tana yawo a kan ruwa. 'Ya'yan su sami abinci da maɓoya har su yi ƙwari. Da ruwa ya janye da kaka, waɗansu su koma gulbi, waɗansu su maƙale a tafkuna. Gaiwa kuwa sai ta nutse cikin laka ta jira wata daminar.

A kan wannan tsari ne sana'ar su ta ginu. Sarkawa ke da gulbi da jirage da taru da birgi da mamari, manoma kuma su taɓa su da rani da koma da gora. Sarkin Ruwa ke da ikon ɗaure tafki, ba mai jefa ƙugiya sai ranar da aka buɗe shi gari ya fita su. Idan aka duba da kyau, wannan ɗauri ma kiwo ne, domin yana ba kifi damar girma. Shahararren bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, reshe ne na wannan al'ada.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsar ruwa madaidaiciya a wannan kwari. Sai ga farin farkon shekarun 1970, ga kuma kuɗin man fetur sun shigo, aka faɗaɗa shirin. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila. An fara ginin madatsar Bakalori a 1974, aka gama a 1978. Tsawonta ya haura kilomita 5, tafkinta ya mamaye wajen hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 450, don a shayar da gonakin Mafara da Bakura.

Abin da ya sami mutane sananne ne. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi dubban jama'a. Manoman da aka hana shuka ana gyaran filaye, ga diyya ba ta zo ba, suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, waɗansu masu bincike suka ce sun haura 380.

Amma abin da ya sami kifi ba a cika faɗinsa ba, domin ba rana ɗaya ya faru ba. Madatsa aikinta riƙe ruwan damina, ruwan damina kuwa shi ne ambaliyar da kifi ke jira. Wani Bature masanin labarin ƙasa, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya buga sakamakon bincikensa a 1985. Ya nuna ambaliya ta ragu a faɗi da zurfi, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da yawa sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Mai karatu zai ce, to ai ga tafki an samu. Gaskiya ne, ana su a cikinsa. Sai dai ruwansa gurɓatacce ne da laka, haske ba ya ratsa shi balle ciyawa ta tsiro a ƙasa, gefensa marar zurfi kuma kaɗan ne. Wurin zama ne, ba wurin haihuwa ba.

Yau tarwaɗa mai yawa da ake sayarwa a biranenmu daga kwami take fitowa. Kiwon kifi irin na zamani ya shigo Arewa tun gonar kifi ta Panyam da aka kafa a ƙasar Filato a 1951, ya bunƙasa da aka gane dabarar ƙyanƙyasa. Tarwaɗar kwami ba ta zuba ƙwai da kanta, tun da ba ta ga sabon ruwa ba. Sai a yi wa macen allura, bayan kamar awa 12 a matse cikinta ƙwan ya fito, a yanka namijin a ɗebi maniyyinsa a gauraya. Ba na kushe wannan sana'a, tana ciyar da gidaje. Amma mu lura: abin da ambaliya ke yi wa kowa kyauta, yanzu sai mai jarin allura da abincin buhu da injin ruwa. Basarke mai jirgi ɗaya ba ya cikin wannan lissafi.

Ba cewa nake a rushe madatsar ba, dubban manoman rani sun dogara da ita. Amma a Kogin Sanagal, bayan an gama madatsar Manantali a 1988, an riƙa sakin ruwa da gangan a waɗansu shekaru domin fadamun ƙasa su jiƙu. Ya kamata masu kula da Bakalori su sa kifi cikin lissafinsu na sakin ruwan damina. Mu kuma ɗaliban Hausa, akwai tsofaffin masunta a Bakura da Maradun da suka ga gulbin kafin 1978, suka san sunan kowane tafki da watan da kowane kifi ke shiga fadama. Wanda ya je gida hutu ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya zauna ya rubuta.