Asalin Birnin Salzburg, Kagarar Gishiri

A ƙasar Ostiriya, daidai inda tsaunukan Alps suka fara sunkuyowa wajen arewa, dab da iyakar Jamus, akwai wani tsohon birni wai shi Salzburg. Da Jamusanci "salz" gishiri ke nan, "burg" kuwa kagara, wato Kagarar Gishiri. Kogin da ya ratsa garin ma Salzach ake ce masa, domin ta kansa jirage ke dakon gishiri a zamanin da. Tsohon garin a matse yake tsakanin kogi da dutse, lungunansa ba su karɓi mota ba. Mai son ya san asalinsa sai ya taka sayyadarsa, ya fara daga gindin dutsen Mönchsberg, don a nan aka binne cibiyar garin.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, wasu mutane da ake kira Keltawa suke haƙar gishiri a dutsen Dürrnberg, kudu da garin kaɗan. Wajen shekara 15 kafin Miladiyya Romawa suka mamaye ƙasar, aka kafa gari a bakin kogi, aka raɗa masa suna Yuvavum. Ya yi zamaninsa, ya yi kasuwa da gidajen dutse, har ƙarfin Rum ya ƙare. A shekarar 488 aka umarci Romawan yankin su tattara nasu ya nasu su koma Italiya. Gari ya zama kusan kufai, sarƙaƙiya ta haye bango.

Dattawan garin suna da labari a kan ƙarshen wannan zamani. Sun ce akwai wani malamin Kirista mai suna Maximus da ke zaune da almajiransa cikin kogunan da aka sassaƙa a jikin dutsen. Wani waliyyinsu, Severinus, ya aiko masa cewa ya tashi a daren nan, mahara na tafe. Maximus ya ce bari gari ya waye. Ashe ba za su ga wayewar ba. Cikin dare mahara suka auka musu, suka rataye shi, suka jefo mutanensa fiye da hamsin daga ƙwanƙolin dutse, wai a shekarar 477. Masana na baya sun ce a wani gari aka yi wannan, Yoviyakum, can bakin kogin Danube, sunayen ne suka rikita masu kwafar littattafai. Na fi gaskata masanan, don sunayen biyu kamar Hassan da Husaini suke. Amma kogunan suna nan, kuma duk wanda ya hau matsattsiyar matakalar nan ta cikin dutse, ya leƙo ƙasa ta 'yar taga, zai yi wa dattawan uzuri.

Wanda ya tayar da garin daga kufai shi ne Rupert, bishop ɗin birnin Worms, mutum mai jinin sarauta. Sarkin Bafariya, Theodo, ya gayyato shi, ya ce ya zaga ƙasar duka ya zaɓi inda ya yi masa. Rupert ya gangara Danube har Lorch, bai zauna ba. Ya juyo ya sauka a bakin tafkin Wallersee, ya gina 'yar majami'a, nan ma hankalinsa bai kwanta ba. Sai ya ji labarin wani tsohon garin Romawa da daji ya cinye a bakin Salzach. Da ya zo ya ga kogi a gaba, dutse a baya, ga tubalin gini zube ba mai shi, sai ya roƙi sarki kufan. Sarki ya ba shi, ya kuma haɗa masa da kyautar da ta fi kufan nesa ba kusa ba: kaso daga rijiyar ruwan gishiri ta Reichenhall, da kasake 20 na dafa shi. A lokacin nan ba a ajiye nama ko kifi ko cuku su kai bazara sai da gishiri, saboda haka mai gishiri shi ne mai ƙasa. Da wannan dukiya Rupert ya kafa gidan masu zuhudu na St. Peter a gindin dutse, ya kuma kafa na mata a tudun Nonnberg, ya ɗora 'yar ɗan'uwansa Erentrudis a kai. Gidajen nan biyu har yau suna nan, shekara fiye da 1,300 ke nan.

An yi jayayya a kan shekarar zuwansa. Tsofaffin littattafan garin sun ce 582, masu bincike suka ce 696. Wannan ba ta da wuyar yankewa: Theodo da ya yi kyautar a ƙarshen ƙarni na bakwai ya yi sarauta, ba kuwa a karɓar kyauta daga hannun wanda ba a haifa ba. Mutanen gari ne dai suka so su ƙara wa kakansu furfura.

Bayan Rupert, wanda ya fi burge ni shi ne Virgil, mutumin tsibirin Ayaland, gwanin lissafi. An ce ya koyar cewa akwai wasu mutane a ɗaya gefen duniya, a ƙarƙashin ƙafafunmu. Babban malami Boniface ya kai ƙararsa wurin Fafaroma Zakariya a 748. Ƙarar ba ta ci shi ba, ya zama bishop, ya gina babbar majami'ar farko, aka buɗe ta a 774, aka kawo ƙasusuwan Rupert cikinta ranar 24 ga Satumba. Har gobe a wannan rana garin ke bikin Rupert, da rumfunan kasuwa da kaɗe-kaɗe a filayen da ke kewaye da majami'ar.

Kafin mai yawo ya bar maƙabartar St. Peter, ya tsaya ya saurari ƙarar ruwa. Tsakanin 1137 da 1143 aka huda dutsen Mönchsberg da hannu, aka jawo ruwa ta ciki zuwa gari. Ruwan nan yana gudu har yanzu, yana juya ƙafar injin niƙa a bakin gidan burodin masu zuhudu.

Daga nan sai hawa zuwa kagara. Akwai jirgin da ke jan mutane zuwa sama tun 1892, amma wanda ya shiga shi ya cuci kansa, don sai gwiwa ta yi tsami mutum ke gane abin da ya hana abokan gaba cin wannan kagara. Hohensalzburg sunanta, Akbishop Gebhard ya aza harsashinta a 1077, lokacin da Fafaroma da sarkin Jamus ke rigima a kan wa ke da ikon naɗa bishop. A nan aka samo labarin da ya fi kowane daɗi. Wai an taɓa yi wa kagarar zobe har abinci ya ƙare, saura sa guda. Sai shugaban masu tsaro ya sa aka zaga da san nan bisa ganuwa, maƙiya na kallo daga ƙasa. Da dare aka shafe shi da farin fenti, da safe aka sake zagawa da shi. Kashegari aka mai da shi baƙi ƙirin. Maƙiya suka ce mutanen da ke da garke haka yaushe yunwa za ta fito da su, suka naɗe tabarmarsu suka tafi. Jama'a suka gangara da sa kogi, suka yi ta dirzarsa da sabulu. Shi ya sa ake yi wa mutanen Salzburg kirari da "masu wankin sa". Wasu na danganta abin da tawayen manoma na 1525, wasu kuwa sun ce mahauta ne kawai da ke wanke shanu a bakin kogi suka jawo sunan. Ina jin ta mahautan ce gaskiya, ko da ba ta da gishiri. Manomin da ya tashi cikin shanu, fenti ba zai ɓoye masa tafiyar sa da ƙahonsa ba.

Manyan filaye da gine-gine irin na Italiya da ake hangowa daga sama aikin Akbishop Wolf Dietrich ne da magadansa. Da babbar majami'a ta ƙone a 1598, maimakon ya gyara sai ya rushe ta, ya haɗa da gidajen mutane masu yawa. Wannan ɓarna ina jin ta a raina, ko da abin da ya maye gurbin ya yi kyau. Gishirin da ya ɗaukaka magabatansa shi ya kayar da shi: ya yi rigima da Bafariya a kansa a 1611, aka kama shi, aka kulle shi a kagarar nan har ya mutu a 1617.

Sauran labarin kowa ya sani. An haifi makaɗi Mozart a gida mai lamba 9 a titin Getreidegasse a 1756, nan ne 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo. Mulkin akbishop a kan garin ya ƙare a 1803, garin ya koma hannun Ostiriya a 1816, bom ya rushe ƙubbar majami'a a 1944, aka sake buɗe ta a 1959. Ma'adinin Dürrnberg kuwa an daina haƙarsa a 1989, yanzu baƙi ake kaiwa kallo. A ƙofar majami'ar akwai mutum-mutumi huɗu na farin dutse, kuma ba sai an nuna maka Rupert ba a cikinsu: shi ne mai gangar gishiri.