Wasiyyar Attajiri Gresham: Laccoci Kyauta Tun 1597

Kowace shekara, da zarar kaka ta kama a Ingila, jami'o'i da cibiyoyin ilmi na birnin London sukan fitar da jerin laccocin da za a gabatar, wata kan siyasa, wata kan tattalin arziki, wata kan dokokin da za su kafa wa sababbin fasahohi iyaka, wata kuma kan tarihi. Da yawa daga cikinsu kyauta ake shiga. Wannan al'ada kuwa ba jiya aka fara ta ba, domin a birnin akwai makarantar da ta shafe fiye da shekara 400 tana yin haka, watau Kwalejin Gresham.

Shi Sir Thomas Gresham attajiri ne, wanda ya daɗe a birnin Antwerp yana nemo wa sarakunan Ingila rance. Shi ne ya gina kasuwar Royal Exchange, wadda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta buɗe a 1571. Kafin rasuwarsa a 1579 ya bar wasiyya cewa bayan ran matarsa a mayar da gidansa na Bishopsgate makaranta, a riƙa biyan shaihunan malamai bakwai daga kuɗin hayar shagunan kasuwar, kamar dai wakafi. Fannonin su ne ilmin taurari, lissafin awo, likitanci, shari'a, addinin Kirista, balaga da kiɗa. Kowane malami yana da fam 50 a shekara da ɗakin kwana, bisa sharaɗin ba zai yi aure ba. Aka fara karatu a 1597.

Abin da ya bambanta wannan makaranta shi ne harshe. A zamanin, jami'o'in Oxford da Cambridge da harshen Latin suke koyarwa, alhali kuwa fatake da matuƙan jiragen ruwa ba sa jin sa. Saboda haka aka tsara a gabatar da lacca da Latin, sa'an nan a maimaita ta da Turanci. Ba jarrabawa, ba takardar shaida. Wanda ya ga dama ya shigo ya saurara. Henry Briggs, malamin lissafi na farko, ya tsara jadawalin da ya sauƙaƙa ninkawa da rabawar manyan lambobi, abin da ya amfani masu auna hanya a teku. A ranar 28 ga Nuwamba 1660 kuma, bayan wata lacca da Christopher Wren ya gabatar, mutum goma sha biyu suka zauna a kwalejin suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar masanan kimiyya da aka sani da Royal Society.

Amma wakafi ba ya raya kansa. A cikin ƙarni na 18 kujerun suka zama wurin cin albashi kawai: wasu malaman ba sa damuwa da karatun, masu sauraro suka janye jiki. A 1768 majalisar dokoki ta amince gwamnati ta karɓi gidan, aka rushe shi aka gina ofishin haraji, laccocin suka koma wani ɗaki a kasuwar, aka kuma yarje wa malamai su yi aure. Kuɗi bai ƙare ba, abin da ya ɓace shi ne kula da bukatar mai sauraro.

Farfaɗowar makarantar ta zo ne sa'ad da ta koma ga tambayoyin zamani. A 1985 aka ƙara kujerar kasuwanci, a 2014 ta muhalli, a 2015 kuma ta fasahar kwamfuta da sadarwa. Tun 1991 mazauninta yana Barnard's Inn, kuma har yanzu hukumar tsohon birnin London da ƙungiyar fatake ta Mercers ke riƙe da amanar, kamar yadda wasiyyar ta ce. Ana kuma sanya laccocin a intanet, inda mai sauraro a Kumasi ko Jidda zai iya bin su ba tare da biyan ko kwabo ba.

Don haka duk wanda ya duba jerin laccocin da ke tafe, a London ko a wani birni, yana iya auna su da ma'aunin da tarihin Gresham ya bari: shin an buɗe ƙofa ga kowa, kuma da harshen da mai sauraro ke ji ake magana?