Murtala Ramat Muhammad

Janar Murtala Ramat Muhammad (8 ga Nuwamba, 1938 – 13 ga Fabrairu, 1976) sojan Najeriya ne, haifaffen Kano, wanda ya shugabanci ƙasar daga watan Yulin 1975 har zuwa ranar da aka kashe shi. Mulkinsa bai cika wata bakwai ba, amma a cikinsa ne aka yanke shawarar mayar da babban birni Abuja, aka kuma tsayar da ranar miƙa mulki ga farar hula.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Kano. Ya yi firamare a Gidan Makama, ya wuce makarantar midil ta Kano, sannan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa a yau. Ya shiga aikin soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, ya zama hafsa a 1961 a sashen sadarwa. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Juyin mulki da yaƙin basasa

Murtala na cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966, wanda ya kawar da Janar Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. A yaƙin basasa ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin daga hannun Biyafara a 1967. A watan Oktoba na wannan shekara dakarun rundunar suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba, abin da har yau ake ambatawa idan ana maganar tarihinsa. Ya kuma yi asarar sojoji da dama a yunƙurin tsallake kogin Kwara zuwa Onitsha. A 1974 Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya.

Mulki

Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka hamɓarar da Gowon yana wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, suka ɗora Murtala, Olusegun Obasanjo kuma ya zama mataimakinsa. Ya soke ƙidayar 1973 da ake taƙaddama a kanta. Ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci ko rashin iya aiki. Jama'a sun yi na'am da matakin, amma masu suka na cewa an haɗa da marasa laifi, kuma hakan ya raunana aikin gwamnati.

Ya yi alkawarin miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya kuma sanar da cewa za a bar Legas a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. A harkokin waje, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola duk da adawar Amurka.

Rasuwa

Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ke jagoranta suka buɗe wa motarsa wuta a Legas yana kan hanyar zuwa ofis. Ya rasu yana da shekara 37, aka kai gawarsa Kano aka binne. Juyin mulkin bai yi nasara ba. Obasanjo ya gaje shi, ya miƙa mulki ga Shehu Shagari a ranar da Murtala ya tsayar.

Tunawa da shi

Hotonsa ne a jikin takardar naira 20. An sa wa filin jirgin saman Legas sunansa, haka ma babban asibitin cikin birnin Kano.